Na dai tsaya a kan matsakaicin inji

Wallahi sati uku na yi ina juya maganar injin yankan itacen da zan saya, tun da wancan mai arahar ya gama wahalar da ni, ka ja igiya sau ashirin ya ƙi tashi, in ya tashi kuma kafireta ta toshe. Ba zan kama sunan kamfanin ba.

Duk wanda ka tambaya sai ya ce maka ko Stihl ko Husqvarna, kamar masu musun ƙwallo. Stihl na Jamus ne tun 1926, Husqvarna na Suwidin, ga kuma Echo na Japan da mutane ke mantawa da shi alhali shi ma yana aiki. Ni dai abin da na gano, dukkansu suna jure wahala in kana wasa haƙoran sarƙa, kana wanke filtar iska, kana haɗa fetur da man inji daidai, 50:1, wato fetur kashi 50 man inji kashi ɗaya, yadda kamfanonin suka ce.

Da babba nake so, mai cc 70 (cc ma'aunin girman inji ne), sai da na ɗaga shi na ji kafaɗata ta amsa, na ce a'a ni ba kullum nake kayar da manyan bishiyoyi ba. Na koma kan mai cc 50, tsawon bakinsa inci 18, Stihl MS 261. Dalili ɗaya ne ya sa ya ci Husqvarna 550 XP a wurina, kayan gyaransa sun fi kusa da ni. Jiya na gwada shi a wani busasshen kututture, hannuna bai ma yi tsami ba.