Ginin jami'a da ƙofarsa ke kallon gari

A bara na raka ƙanwata, wadda shan inna ya kama tun tana ƙarama, zuwa wata babbar makaranta a wata jiha domin a tantance takardunta. Ofishin yana hawa na biyu. A bakin ƙofar ginin akwai gangaren siminti da aka yi wa keken guragu, amma ya miƙe kamar allon da aka jingina da bango, kuma daga ƙarshensa sai matakalar bene. Wasu samari biyu ne suka ciccibe ta har da keken. Muna tsakiyar hawa ta ce mini a hankali, "Yaya, riƙe mini gyalena kada ya zame." Tun da muka dawo Jos nake kallon kowane ginin makaranta da idon wannan ranar.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara mashiginsu, kuma wa'adin ya riga ya cika. Sai dai gyara bayan an gama gini yana da wuya, domin ƙa'idar da masu zanen gini suka sani ita ce, kowace mita ɗaya ta tudu tana buƙatar gangare mai tsawon mita 12. Matakala uku masu kaiwa rabin mita suna cin mita shida ke nan, kuma idan ba a bar wannan fili ba tun a takarda, magini zai matse gangaren a inda ya samu. Lif kuwa, a ƙasar da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama, ba abin dogaro ba ne. A ganina ofishin rajista, ɗakin karatu da manyan azuzuwa su zauna a ƙasa tun farko. Haka nan kurma yana buƙatar haske a fuskar malami da hannun mai fassara da alama, makaho kuma yana buƙatar zauren da murya ba ta amsa-kuwwa a cikinsa. Garin da jami'arsa ke da sashen koyar da ilimin masu buƙata ta musamman, ga makarantar makafi ta Gindiri a jiharsa, ya kamata ya riga kowa sanin wannan.

Gini yakan yi shekara hamsin ko fiye yana tsaye, alhali abin da ake koyarwa a ciki ba ya jira. Lokacin da hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, makarantu da dama sun shiga fasa bango da jan waya domin mayar da azuzuwa cibiyoyin jarrabawa. Inda ginshiƙai ne ke ɗauke da nauyin bene, bangon ciki rabe-rabe ne kawai, ana iya cire shi a lokacin hutu a haɗe aji biyu su zama zaure ɗaya. Inda bangon ne ke riƙe da ginin, taɓa shi ganganci ne. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya shiga gidan adana gine-ginen gargajiya da ke kusa da gidan tarihi na Jos ya ga kwaikwayon masallacin Juma'a na Zariya, inda magininsa Babban Gwani ya yi amfani da lanƙwasassun ginshiƙan da ake kira bakan gizo ya buɗe fili mai faɗi da ƙasa da azara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wurin da ake dasa ginin. Jami'ar Jos ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975, kuma a hankali nauyinta ya karkata zuwa titin Bauchi da mazauninta na dindindin a Naraguta. Kowa ya san abin da ɗalibai ke jawowa: mai shayi, mai ƙosai, shagon buga takardu, ɗan keke Napep, mai gidan haya. A gefe guda kuma, babbar kasuwar Terminus ta ƙone a watan Fabrairun 2002, tsakiyar gari ta rasa abin da ke riƙe ta. A Landan, kwalejin zane ta Central Saint Martins ta koma wani tsohon rumbun hatsi na zamanin jirgin ƙasa a King's Cross a 2011, kuma shigowar dubban ɗalibai na daga cikin abin da ya farfaɗo da unguwar. Jos ma garin jirgin ƙasa da kuza ne, tsofaffin gine-gine masu kauri ba su ƙare ba. Sashen koyon lauya da ke ba talakawa shawara kyauta, ko azuzuwan yamma na ma'aikata, sun fi dacewa da kusa da Ahmadu Bello Way, inda mai kujerar guragu zai sauka daga mota ɗaya.

Na san amsar da za a ba ni, wato tsaro. Wanda ya ga rikicin 2001 da na 2008 a garin nan ba zai raina katanga ba, ni ma ban raina ta ba. Amma ana iya raba ginin gida biyu: hawan ƙasa ya fuskanci titi da shaguna, zauren taro da ɗakin karatun da ɗan sakandaren unguwa zai shiga da yamma, bincike da katin shaida kuma su fara daga bakin matakala. Kuɗin hayar shagunan zai taimaka wajen gyaran kwano da famfo, titin da ke da fitila da jama'a har bayan isha'i kuma ya fi wa ɗaliba kwanciyar hankali a kan doguwar katanga marar ƙofa da za ta bi ita kaɗai zuwa bakin hanya.