Abin da ke faruwa kafin tambayar lissafi ta isa hannun yaro

Sana'ata rubuta littattafan atisayen lissafi ne na 'yan firamare, daga aji ɗaya zuwa aji shida. Mu huɗu ne a kamfanin: ni da nake tsara tambayoyi, da wata tsohuwar malamar aji da take tace su, da mai tsara shafuka a kwamfuta, sai wanda yake kai wa makarantu kaya kuma ya dawo mana da ƙorafin malamai. Ɗab'i kuwa muna kai wa maɗaba'a ne, domin ƙarfinmu bai kai mu mallaki inji ba. Kafin na shiga wannan harka na yi shekaru ina koyarwa, kuma a lokacin ina zaton cewa rubuta littafin atisaye aiki ne na maraice ɗaya: ka jera alƙaluma, ka sa alamar tarawa ko ɗebewa, ka rubuta amsa a bayan littafi. Littafinmu na farko haka muka yi shi, kuma har yau ina jin nauyin buɗe shi a gaban mutane.

Tambayoyin alƙaluma zalla su ne ake ɗauka masu sauƙi, amma ko su akwai zaɓi a cikinsu. Idan na ba yaro 402 a ɗebe 167, amsar ita ce 235. Yaron da ya rubuta 365 ba kintace ya yi ba: a kowane gida ya ɗebe ƙaramin adadi daga babba, ba tare da kula da wanda yake sama da wanda yake ƙasa ba. Wanda ya rubuta 335 kuma ya san akwai aro, ya mayar da sifili 9 kamar yadda ya ga malami yana yi, sai dai ya manta ya rage 4 da ke gidan ɗaruruwa. Yara biyu ke nan da suka faɗi tambaya ɗaya, kuma kowanne da maganinsa daban. Tun a 1978 wasu masu bincike biyu a Amurka, John Seely Brown da Richard Burton, suka nuna cewa da yawa daga kurakuran yara a ɗebewa ƙa'idoji ne gurɓatattu da yaro yake bi sau da ƙafa, ba sakaci ba ne. Saboda haka idan ina tsara shafi, nakan fara da lissafa kurakuran da nake son kamawa, sa'annan na nemi alƙaluman da za su sa kowane kuskure ya haifar da amsarsa ta musamman. Tambaya irin 586 a ɗebe 243 ba ta tona asirin kowa, domin mai ƙa'ida da mai gurɓatacciyar ƙa'ida duk 343 za su samu, malami kuma ya tafi gida da farin cikin da ba shi da tushe.

A littafin malami muna sa amsoshin kuskure da aka fi samu a gefen amsar gaskiya, tare da layi ɗaya na bayanin abin da kowace take nufi. Wannan ƙarin yana cin shafuka, kuma mai tsara mana aiki yakan yi gunaguni a kansa, amma shi ne abin da malamai suka fi ambata idan sun zo sake saye.

Jadawalin sau ba ya ɗaukar mana lokaci sosai. Daga sau ɗaya zuwa sau goma akwai amsoshi 100, amma da zarar yaro ya gane cewa 3 sau 8 da 8 sau 3 abu ɗaya ne, sun koma 55. Idan aka ware na 1 da 2 da 5 da 10, waɗanda suke shiga kai da wuri, saura 21 kacal. A kan waɗannan muke maimaitawa, kaɗan-kaɗan a shafuka masu nisa da juna, domin tun gwaje-gwajen da masanin halayyar ɗan'adam Hermann Ebbinghaus ya wallafa a 1885 aka san cewa maimaici da tazara ya fi zama a ƙwaƙwalwa a kan wanda aka cusa a zama guda. Ni mai goyon bayan hadda ne a wannan fage, kuma ba na jin kunyar faɗar haka, domin yaron da yake ƙirga yatsu don ya samo 7 sau 6 ba shi da sauran hankalin da zai bi dogon rabawa.

Inda aikin yake cin rai shi ne lissafin labari, wato tambayar da take zuwa cikin jimloli. Wannan salo ya tsufa ƙwarai. Takardar lissafi ta tsohuwar Masar da magatakarda Ahmes ya kwafa wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda yanzu mafi yawanta yake ajiye a gidan tarihi na Birtaniya a Landan, cike take da tambayoyin rabo da awo. Duk da wannan tsufa, har gobe akwai wata cuta da ke bin sa, wato yaro ya daina karanta labarin, ya tsinci alƙaluman da ke ciki ya yi musu abin da ya ga dama. Wajen 1980 masu binciken koyar da lissafi a Grenoble ta Faransa suka ba ƙananan yara wannan tambaya: a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Mafi yawansu suka yi lissafi da alƙaluman biyu suka ba da amsa, kuma 36 ce ta fi fitowa. Ban ga laifin yaran ba. Mu masu rubuta littattafai ne muka koya musu cewa kowace tambaya tana da amsa, kuma duk adadin da aka ambata dole a yi amfani da shi, kuma aikin da za a yi shi ne wanda aka rubuta a kan shafin da manyan haruffa.

Wannan batu na ƙarshe ya sa muka sauya tsarin littattafanmu gaba ɗaya. A da, shafin ɗebewa tambayoyin ɗebewa ne kawai, saboda haka yaro yana iya cin goma bisa goma ba tare da ya karanta kalma ɗaya ba. Yanzu bayan kowane babi muna sa shafuka da aka gauraya, kuma a wasu tambayoyin muna saka adadin da ba a buƙatarsa, a wasu kuma muna barin bayani a rashe, mu tambayi yaro abin da ya kamata ya sani kafin ya iya amsawa. Da farko iyaye da dama sun ɗauka kuskuren ɗab'i ne, har sai da muka ƙara gajeren bayani a shafin farko.

Akwai kuma dabarar da malamai da yawa suke koyarwa da kyakkyawar niyya, wadda ni nake ganin tana ɓarna, wato a ce wa yaro idan ya ga "ya fi" ko "gaba ɗaya" ya tara, idan ya ga "saura" ya ɗebe. Ga tambaya: yarinya tana da fensir 9, ta fi ƙanenta da fensir 4, nawa ne fensiran ƙanen? Mai farautar kalmomi zai rubuta 13, alhali amsar 5 ce. Muna saka irin wannan da gangan, kuma a ƙarƙashinta muna barin fili domin yaro ya zana sanduna biyu, doguwa da gajera, ya ga da idonsa wadda ta fi da kuma tsawon bambancin. Wannan zane na sanduna makarantun Singafo ne suka yi fice da shi tun shekarun 1980, kuma ya dace da tunanin masanin ilimi Jerome Bruner cewa yaro yana fahimta ta hanyar taɓa abu, sannan hotonsa, sannan alamarsa. Filin zane yana cinye wurin tambaya biyu ko uku a kowane shafi. Mai saye da yake ƙirga yawan tambayoyi kafin ya zaɓi littafi yakan ga na wasu sun fi namu cika, kuma mun rasa ciniki a kan haka fiye da sau ɗaya.

Saura a rabawa shi ne babin da na fi so. A wani gwajin ƙasa da aka yi a Amurka, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1983, an tambayi ɗalibai 'yan shekara 13 motoci nawa ake buƙata don ɗaukar sojoji 1128 idan kowace mota tana ɗaukar 36. Yawancinsu sun yi rabawar daidai, amma waɗanda suka rubuta "31 saura 12" sun fi waɗanda suka rubuta 32 yawa. Mu kan ɗauki lissafi ɗaya, misali 26 a raba 4, mu sa masa riga huɗu a shafi guda. Idan yara 26 ne za su zauna a benci mai ɗaukar 4, ana buƙatar benci 7. Idan littattafai 26 ne ake ɗaure su huɗu-huɗu, ƙunshin da ya cika 6 ne, kuma idan aka tambayi waɗanda suka rage a waje amsar 2 ce. Idan kuwa igiya ce mai tsawon mita 26 za a yanka gida huɗu daidai, kowane yanki mita 6 da rabi ne. Yaron da ya bi shafin nan a tsanake yakan ɗago kai ya ce ai lissafin ɗaya ne, kuma wannan mamakin nasa shi muke nema.

Kafin kowace tambaya ta tafi maɗaba'a, sai an gwada ta a kan yara. Muna da ƙaramin ajin ƙarshen mako da muke yin wannan da izinin iyaye, kuma ƙa'idata ita ce yaro ya fara faɗa mini labarin da bakinsa, littafi a rufe, kafin ya taɓa fensir. Masanin lissafi George Pólya ya sa fahimtar matsala a matsayin matakin farko cikin matakai huɗu na warware tambayar lissafi da ya tsara a 1945, ya sa waiwayar amsa a matsayin na ƙarshe, kuma a ganina waɗannan biyun su ne aka fi tsallakewa a aji. Idan yara uku a jere suka kasa maimaita labarin, jimlata ce take da matsala, sai na koma na rage ta. Sau da yawa wakilin suna ɗaya ne yake rikita komai, a ce "ya ba shi" alhali maza biyu ne a labarin, yaro ya rasa mai bayarwa da mai karɓa.

Ƙa'idarmu ta sake gwaji bayan kowane gyara ta samo asali ne daga wani abin kunya da ya same mu. A bugu na biyu na littafin aji huɗu, na sauya wani adadi a daren ƙarshe domin kada ya yi kama da na tambayar da ke samansa, ban sake bin labarin ba. Tambayar ta koma cewa an raba ɗalibai 45 zuwa aji biyu daidai wa daida, kuma mai duba amsoshi ya bi lissafin ya rubuta 22 da rabi a bayan littafi. Bayan 'yan makonni wata malama ta aiko mana da hoton littafin wani yaro. A filin amsa ya rubuta cewa ba zai yiwu ba, sai dai wani aji ya fi wani da mutum ɗaya. Ta ce da farko ta ja masa jan biro, domin amsarsa ta saɓa wa ta littafi, sai da ta koma gida abin ya dame ta. Mun buga ƙaramar takardar gyara muka bi makarantu da ita, kuma tun daga nan babu adadin da ake taɓawa bayan gwaji sai an sake gwada tambayar. A bugu na uku mun bar tambayar yadda take da 45 ɗinta, muka sauya abin da ake nema: yanzu tana tambayar ko rabon zai yiwu, da dalili.

Ciniki yana da lokutansa, farkon shekarar karatu da gab da jarrabawa, sauran watanni kuma na rubutu ne da tacewa. Kwafin hoto da ake yi wa littattafanmu yana rage mana kasuwa, manhajojin waya kuma sun fi mu saurin ba yaro amsa nan take, kuma ba na musun amfaninsu wajen maimaita jadawalin sau. Abin da takarda take riƙewa shi ne sawun tunanin yaro, da aron da ya yi da wanda ya goge, inda malami zai gane 335 daga ina ta fito.

Yanzu muna kan littafin kashi-kashi (wato irin su rabi da sulusi) na aji biyar, kuma mun yi makonni a shafi ɗaya. Yara da yawa suna tara rabi da sulusi su sami biyu bisa biyar, domin sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Amsar gaskiya biyar bisa shida ce, kuma biyu bisa biyar bai ma kai rabin da aka fara da shi ba. Ina neman labarin da zai sa yaro ya lura da wannan da kansa kafin a gaya masa. Na gwada tankin ruwa da yake rabi aka ƙara masa sulusi, sai yara biyu suka tambaye ni ko sulusin tankin ake nufi ko sulusin ruwan da ke ciki, kuma tambayarsu tana kan hanya. Na sake jimlar sau huɗu, za mu gwada ta biyar a ajin mako mai zuwa.