Da Duna a igiya muka zaga Chatsworth

Duk wanda zai kai kare Chatsworth, abin da ya kamata ya fara sani shi ne wurin makiyaya ce kafin ya zama wurin shan iska. Tumaki na kiwo a ciki, bareyi na yawo garke-garke, kuma akwai mutanen da abincinsu ke rataye da waɗannan dabbobi. Chatsworth katafaren gida ne mai faffaɗan fili a yankin Derbyshire a Ingila, a bakin Kogin Derwent, kusa da garin Bakewell. Zuriyar Cavendish ke riƙe da shi tun 1549, shekarar da Sir William Cavendish da matarsa Bess ta Hardwick suka sayi ƙasar, kuma har gobe nan ne mazaunin mai sarautar Duke na Devonshire.

Ni a gidan mafarauta na tashi, kare ba baƙona ba ne. Karena Duna baƙi ne siriri mai dogayen ƙafafu, irin wanda da kakana ya gani zai ce wannan na zomo ne. Na san wasu za su yamutsa fuska. A mazhabar Malikiyya da aka rene mu a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai a wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai. Duna a bayan gida yake kwana, ba ya taka inda muke salla.

Daga Sheffield muka taso da sassafe a watan Afrilu, ni da uwargida da ’yarmu. Muka ajiye mota a ƙauyen Baslow muka shiga da ƙafa, don ba a biyan kuɗi kafin a taka filin, wanda ya kai wajen eka 1,000. Ba mu yi nisa ba muka ci karo da wata tunkiya da ’ya’yanta biyu, ƙafafunsu ko ƙwari ba su gama yi ba. Ta tsaya cak tana kallonmu, ta daki ƙasa da ƙafar gaba. Duna bai yi haushi ba, kuma shirun nan ne abin tsoro. Ya kafe kunnuwa, ya sauke ƙirji, jikinsa ya ɗauki rawa har ina jin ta a tafin hannuna ta cikin igiya. Na naɗe igiyar a hannu har ya dawo jikin gwiwata, na shiga tsakaninsa da ita, muka yi kwana mai faɗi muka wuce. Sai da muka yi nisa tunkiyar ta mayar da kai ga ciyawa.

Karen da ya fi kowanne ladabi a gida, in ya ga abu na gudu, jininsa ne ke ba shi umarni. Kuma ba sai ya yi cizo ba kafin ya yi ɓarna: kora kaɗai kan sa tunkiya mai ciki ta yi ɓari, ko ɗa ya rabu da uwa. Tun 1953 dokar Ingila ta mayar da korar dabbobin kiwo laifi a kan mai kare. A filayen karkara da aka buɗe wa jama’a kuma, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, igiya ba ta wuce mita 2, saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa. Shi ya sa ba na son igiyar nan mai naɗe kanta, wadda kare zai yi nisa kafin ka ankara. Wuri guda ne ake cewa ka saki: in shanu suka taso muku. Kare zai tsere musu, kai kuwa in ka riƙe shi, kai za su tattake.

Mai tafiya da kare ƙasa yake kallo fiye da gini, kuma a nan na ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Wannan fili da ka rantse haka Allah ya ajiye shi, hannu ne ya tsara shi. A shekarun 1760 Lancelot Brown, mai tsara lambuna da filaye wanda ake wa laƙabi da Capability, ya gyara kwanciyar ƙasar, aka faɗaɗa kogi, aka dasa itatuwa inda ido zai so ganinsu. Har ƙauye guda, Edensor, aka tayar aka sake gina shi bayan tudu tsakanin 1838 da 1842, don kada a hango shi daga tagar gidan. Gidajen da aka gina wa mutanen ƙauyen kyawawa ne, ban musa ba. Amma a tashi mutane daga inda aka binne cibiyarsu don mai gida ya more kallo, wannan bai kwanta mini ba.

Cikin gidan ba a shiga da kare, sai na jagoran masu larura. Haka ma wurin da yara ke kallon dabbobin gona.

"Baban Halima, ku jira mu a lambu, yanzu za mu fito," in ji uwargida.

"To, ku shiga da bismilla. Kada ku yi gaggawa saboda mu."

Lambun ana yankar tikiti, eka 105 ne, kuma ana barin kare muddin yana igiya. Nan muka zauna gaban maɓuɓɓugar da Joseph Paxton, mai kula da lambun gidan a lokacin, ya ƙera a 1844 don tarbar Sarkin Rasha Nicholas na I, wanda a ƙarshe bai zo ba. Ba inji ke tura ruwan ba. Tafki aka haƙa a kan tudun da ke bayan gidan, nauyin ruwan da ke gangarowa ta bututu shi ke cilla shi sama, har an taɓa auna tsawonsa kusan mita 90. Paxton ɗin nan ne kuma ya reni wata ayaba a ɗakin gilashi a shekarun 1830, aka sa mata sunan Cavendish, ita ce yau ta cika kantunan Turai.

Da la’asar muka hau dajin da ke bayan gidan, zuwa hasumiyar da aka gina wajen 1582, a zamanin Bess, don hangen farauta. Hawan da tsayi, ga laka, sai da takalmi mai ƙarfi. A nan Duna ya shanye ruwan da na ɗauko masa. Kwanonsa daban na taho da shi, da ledojin kwashe kashi, wanda dole ka riƙe har ka sami kwandon shara, ba ka rataye a reshe ba kamar yadda na ga wasu sun yi.

Kafin ya shiga mota na durƙusa na bi jikinsa da yatsu: bayan kunne, wuya, hammata, tsakanin farata. Inda barewa da tunkiya ke kwana a doguwar ciyawa ba a rasa kaska, kuma ta nan tana ɗauke da cutar Lyme, mai kama kare da mutum. Na sami ɗaya a gindin kunnensa, ba ta riga ta ƙoshi ba. Ba a ƙona ta da ashana, ba a shafa mata mai. Da ’yar ƙugiyar roba da ake sayarwa a wurin likitan dabbobi na kamo ta daf da fata, na murɗa a hankali ta fito duka har da kai, sannan na sa Halima ta naɗe wando muka duba nata ƙafafun.