Inci 3 a gaba, inci 2.5 a baya

Bayan da aka cire wa motata Golf GTI ƙirar 2006 ƙaramin turbo K03 da ta fito da shi daga kamfani (turbo shi ne na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) aka sa mata K04 wanda ya fi shi girma, kuskuren farko da na yi shi ne na fara gyaran salansa daga wutsiya. Na sayi ƙatuwar tukunyar baya mai baki biyu aka ɗaura, ƙara ta ƙaru, amma ƙarfin mota yana nan inda yake.

Wani dattijon makanike ne ya sa na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta, ya nuna mini bututun da ke fitowa kai tsaye daga bakin turbo, ya ce: "Alhaji, a nan take shaƙewa." Bayaninsa shi ne, hayaƙi ne ke juya farfelar turbo, kuma ƙarfin juyawar ya danganta da bambancin matsin da ke gabanta da wanda ke bayanta, saboda haka duk abin da ya tare hayaƙi bayan ya fito nauyi ne a kan turbo. Maganar da ake yawan yi cewa inji yana son ɗan matsi a salansa ta samo asali ne daga motocin da ba su da turbo, inda bututu matsakaici ke sa hayaƙi gudu.

Da na zauna na yi lissafi, sai na ga rabin inci a faɗin bututun salansa ba ƙaramin abu ba ne. Inci 2.5 milimita 63.5 ne, inci 3 kuwa milimita 76.2, amma girman ƙofar da hayaƙi ke bi yana ƙaruwa da kusan kashi 44 cikin 100. Zumuɗi ya ɗebe ni na sa aka yi mini inci 3 daga gaba har baya, kuma a nan na sake yin asara, domin mai waldar ya lanƙwasa bututun da injin da ke matse shi, duk kwana ta motse kamar bakin tsohuwar jaka. Sai da na nemo kwanonin bututu da aka lanƙwasa tun daga masana'anta ba tare da sun tsuke ba aka sake haɗawa.

Motar ta buɗe, turbo yana cika da wuri, sai dai a babbar hanya wani gurnani yake cika cikinta har a kasa hira, ga bututun yana gogar duk tudun rage gudu da na hau. A ƙarshe na bar inci 3 daga turbo zuwa matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, na mayar da sauran inci 2.5 tunda hayaƙi yana raguwa idan ya huce, sannan aka sake saita kwamfutar motar. Ƙafata ba ta ji wani bambanci a totur ba tsakanin wannan haɗin da na inci 3 zalla, tukunyar nan mai baki biyu kuwa tana jingine a gareji har yau.