Gidan katakon da ya karkace bai faɗi ba

Daga Manchester na hau jirgin ƙasa zuwa Congleton a yankin Cheshire na Ingila, daga nan tasi ta kai ni Little Moreton Hall, tafiyar mil huɗu a tsakanin gonaki. Gidan yana tsakiyar gwalalo mai cike da ruwa, sai an haye wata 'yar gadar dutse ake shiga.

Tun daga gadar na ga ya karkace. Benen sama ya danne na ƙasa har bango ya yi ciki. William Moreton ne ya fara ginin wajen 1504, 'ya'ya da jikoki suka yi ta ƙari har kusan 1610. A cikin ƙarin nan suka ɗora wani dogon ɗaki mai tsawon ƙafa 68 a can sama, aka rufe shi da falalen dutse, alhali harsashin bai shirya ɗaukar wannan nauyi ba. Da na taka daɓen ɗakin, sai na ji yana hawa yana sauka a ƙarƙashin ƙafata. Sandunan ƙarfe da aka sa daga baya su ke riƙe da shi.

A tsakar gida na fi daɗewa. Na matsa kusa da wani ginshiƙi, na ga yadda aka fafe icce aka cusa bakin wani, aka kafe su da turakun katako. A saman tagogi masu ƙananan gilasai da aka haɗa da dalma an sassaƙa shekarar 1559, tare da sunan kafintan da ya yi su, Richard Dale, yana cewa da ikon Allah ya yi. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai, domin ba kasafai sunan mai aikin hannu yake tsira kusa da na maigida ba.

Talauci ne ya ceci gidan. Iyalan Moreton sun goyi bayan sarki a yaƙin basasar Ingila, arzikinsu ya karye, suka bar gidan a hannun manoma 'yan haya. Ba mai kuɗin rushewa ya yi na zamani, sai ya zauna yadda yake. A 1938 aka danƙa shi ga National Trust, ƙungiyar da ke adana wuraren tarihi a Ingila, kuma ita ke kula da shi har yau.