Ranar da na ja Goggo zuwa gidan tarihi

Wata 'yar ajinmu da aure ya kai Faransa ce ta tsokano ni. Tun da Afrilu ya kama kullum sai ta ɗora hotuna a sitatus, yau tana wannan gidan zane a Paris gobe tana wancan, ga furanni sun buɗe, wai sanyi ya wuce kowa ya fito yawon kallo. Mu kuwa a nan Kaduna bazararmu kun san ta, zafi kamar a cire fata, wuta sai an ga dama, mangwaro ne kaɗai ke rarrashinmu. To a cikin hotunan sai ga wani mutum-mutumi na yumɓu a cikin gilashi, ta rubuta a ƙasa wai "ɗan jiharmu ne fa, daga Nok". Wallahi kunya ta kama ni, don shekara nawa ina wuce gidan tarihin da ke titin Ali Akilu a Keke ban taɓa cewa a sauke ni ba.

Ranar Asabar na shirya, Goggo da ta zo ganin likita take zaune wurinmu tana ta ƙorafin zaman ɗaki ya ishe ta, na ce Goggo tashi ki raka ni. Ta ce ina? Na ce gidan tarihi. Ta ce ke 'yar nan ni ai tarihin ce da kaina, amma dai ta yafa mayafi.

Ginin asalinsa ofishin jam'iyyar NPC ne ta su Sardauna, a 1975 aka mayar da shi gidan tarihi. Wannan bai dame ta ba. Muna isa wurin kayan Nok ta ja ta tsaya, a'uzubillahi, gumaka kika kawo ni gani? Na fara zuba mata abun da na karanto a waya, cewa a 1928 masu haƙar kuza suka fara tono su kusa da ƙauyen Nok a ƙasar Jaba, kuma sun haura shekara dubu biyu, har wani kai da aka samu a ƙasar Jama'a wani ya kafa shi a gonar doya yana tsorata masu ɓarna kafin ya kai hannun wani Bature Bernard Fagg a 1943. Labarin gonar doyan nan ne ya ba ta dariya, daga nan ta matso.

Ni idanun nake ta kallo, masu kusurwa uku da huji a tsakiya. Ita kuwa kai ta duba ta ce wannan ai kitso ne, kuma wadda ta yi shi ta iya, dubi yadda aka raba tsaga. Sannan ta leƙa hujin hanci da na baki ta ce cikinsa fayau ne ko? Na ce eh. Ta ce to ba ado kaɗai ba ne, in ba a bar wa zafi hanya ba a wurin gashi abun fashewa zai yi, kakarta maginiyar tukwane ce tana yarinya ita ke ɗebo mata kara da ƙaiƙayi ranar gashi, kuma in tukunya ta fashe a wuta ƙarar kamar bindiga. Ban taɓa jin wannan labarin ba duk zamana da ita, sai ranar a gaban gilashi, har wasu 'yan makaranta da ke gefenmu suka bar malaminsu suka dawo suna saurarenta.

Wurin kayan gida kuma nan ta ƙure ni. Ni duk tukunya nake ce musu, ita kuwa wannan randa, wannan tulu, wancan kasko, ga ƙwaryar jere irin wadda aka kai ta ɗaki da ita kafin zuwan kwanon samira. Ta ɗan yi shiru a nan, ban tambaye ta ba.

Ya tuna min da kasuwar baje koli ta hanyar Zariya da na je ƙarshen Fabrairu. Sama da shekara arba'in ana cinta, kuma gaskiya yawancinmu kayan roba da atamfa da turare ke kai mu, sai hayaniyar lasifika. Amma in ka kutsa can ciki akwai Buzaye da azurfar Agadas da jakunkunan fata, akwai masu tagullar Bida, aikin hannu na gani na faɗa, sai dai a can ba wanda ke tsayawa kallo, kana ɗagawa za ka ji nawa za ki ba da Hajiya. Ni ma ranar bokiti na saya na dawo. Da na san haka Goggo take da ita zan je.

A bayan gidan tarihin akwai rumfunan masu sana'ar hannu, kuma nan ne ta saki jiki sosai don babu gilashi, tana ɗagawa tana ƙwanƙwasawa da yatsa tana saurare, in ƙarar ta mutu ta ajiye ta ce bai gasu ba. Na lalubo tsohuwar naira ashirin a jaka na nuna mata bayanta, na ce Goggo kin ga Ladi Kwali, ginin tukwane ne ya kai ta Ingila da Amurka har ya ɗora ta a kan kuɗi. Ta karɓa ta nisanta da ido don ba ta zo da tabarau ba, ta daɗe tana kallo, ta ce Allah sarki, shekara da shekaru ina ƙulle matar nan a bakin zani ban san sana'ar kakata take yi ba. Ba ta dawo min da kuɗin ba, ni ma ban nema ba.

Da za mu dawo ta sa mai Keke ya tsaya bakin hanya wurin masu tukwane, ta yi ciniki kamar za a yi faɗa, ta sai tulu ɗaya bayan ta ƙwanƙwasa wajen shida. Yana nan a lungun falo a kan yashi, yara sun daina buɗe firij sai shi. Na ɗauki hotonsa na tura Paris, ta ce in aiko mata da irinsa, na ce ta fara tambayo kuɗin jirgi tukuna.