Waƙafi da Ɗigo: Yadda Na Sake Koyon Malanta a Kaduna

Ranar farko da na riƙe alli a Kaduna, wani yaro ɗan aji huɗu ne ya gyara mini rubutu. Na rubuta 2,5 a allo ina nufin biyu da rabi, kamar yadda na shekara huɗu ina yi a wani ƙauye kusa da Mirriya. Ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Anti, ɗigo ake sawa, ba waƙafi ba." Na juya na dubi allon, na rasa inda kuskuren yake. A Nijar waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, a nan kuwa aikin ɗigo ne, waƙafi na dubbai ne. Wato abin da yaran nan ke karantawa dubu ɗaya idan sun ga 1,000, ni a wurina ɗaya ne tak. Kafin a tashi tara ranar, sun karanta ɗayana a matsayin bakwai saboda dogon ƙugiyar da muke yi masa, sun kuma tambaye ni dalilin da ya sa bakwai ɗina ya sha ɗamara a tsakiya. Da muka zo kan rabawa abin ya ƙara cakuɗewa: mu mai rabawa a dama muke ajiye shi, amsa ta fito a ƙarƙashinsa, su kuma yana hagu, amsa tana hawa sama.

Ni 'yar Damagaram ce, a unguwar Birni aka yanke cibiyata. Aure ne ya kawo ni a 2015. Mun bi ta Matamaye muka shigo ta Kwangwalam, muka ratsa Daura da Kano da Zariya, da daddare muka sauka a Tudun Wada. Duk hanyar nan ban taɓa jin cewa ƙasar waje zan tafi ba. Hausa ce dai, tuwo ne dai, kiran salla ne dai. Sai da na zauna na gane cewa baƙunta tana ɓuya a ƙananan abubuwa. In na ce kaye da bik, sai ƙannen maigida su kalli juna, ashe littafi da biro ake cewa. In na ce lakwal, sai an ce, "Au, makarantar boko?" A kasuwa na saba da tiya, nan mudu ake awo da shi. Kuɗi ma sai da kaina ya daina ninkawa, domin mu da dala muke ƙirga sefa, dala ɗaya sefa biyar, in an ce maka dala ashirin to sefa ɗari ke nan. Uwar mijina, Allah Ya saka mata da alheri, ita ta riƙa zuwa da ni Kasuwar Barci har na iya ciniki da naira ba tare da na tsaya ina lissafi da yatsu ba. Takan ce, "'Yar nan, baƙo ko da ido makaho ne, bi a hankali."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zaman banza. Na yi shekara biyu a makarantar horon malamai ta Damagaram, na koyar a ajin zana inda iska ke shigowa da rairayi ta rufe littattafai, amma takardata a nan ba ta da mai karanta ta. Hajiyar da ta ɗauke ni a wata makarantar kuɗi ta jujjuya takardar ta ce, "Malama, Faransanci ne wannan, ni ban san me ta ce ba. Amma lissafi ai ba ruwansa da yare, je ki gwada." Ni ma haka na ɗauka, sai ga abin da ya faru a ranar farko.

Turanci ya zama dole. Na shiga ajin yamma na manya, na zauna benci ɗaya da matan da suka haife ni da 'yan matan da na girma. A nan na ɗanɗani abin da ban taɓa ɗanɗana ba tun ina ƙarama: malami yana magana, na san abin da yake bayani a kai, amma kalmomin sun tsaya tsakanina da shi kamar katanga. In ya yi tambaya sai in sunkuyar da kai, ba don ban sani ba, don bakina ba shi da abin faɗa. Wata rana ina dawowa a Keke Napep hawaye suka zubo mini, domin na tuna yaran ƙauyen da na riƙa yi wa tsawa da Faransanci ina ce musu daƙiƙai. Ba daƙiƙai ba ne. Katangar nan ce a gabansu, kuma ni ce na tsaya a bayanta ina kiran su.

Daga baya na rubuta jarrabawar kammala sakandare ta waɗanda ba 'yan makaranta ba, na shiga karatun NCE na nesa a ƙarƙashin Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, wadda aka kafa a 1976, hedikwatarta kuwa tana nan Kaduna a kan hanyar Zariya. NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da doka ta yarda malami ya shiga aji da ita a Nijeriya. Asabar da hutun makaranta duk na ba karatun, da goyo a bayana.

Amma abin da ya fara tsayar da ni da ƙafata a aji, daga gida na zo da shi. A makarantun Nijar kowane yaro yana da ɗan allonsa na hannu, ardwaz muke ce masa, kuma akwai hanyar lissafin ka da ake kira La Martinière, wadda duk wanda ya yi lakwal ya sani. Malami ya faɗi tambaya sau biyu, yara su yi shiru su yi tunani, alli na ajiye. Ya buga tebur, kowa ya rubuta amsa. Ya sake bugawa, kowa ya ɗaga allonsa sama. Cikin ƙiftawar ido ka ga amsar aji gaba ɗaya. A nan na tarar ana tambaya, yara uku ko huɗu na gaba su ɗaga hannu, sauran su bi da amshi. Ajina yara 54 ne, ta yaya zan san abin da ke kan na bayan can? Na roƙi maigida ya kai ni kasuwar Panteka, wani kafinta ya yanyanka mini ragowar filawud, muka shafa baƙin fenti a tsakar gida. Ranar da aka fara ɗaga allunan nan na tambaye su 42 a cire 17. Yara fiye da ashirin suka rubuta 35. Kuskure iri ɗaya: sun cire 2 daga 7 saboda ƙaramar lamba ake cirewa daga babba, sun cire 1 daga 4. Sun shekara biyu suna rera "aro ɗaya" da Turanci, ba wanda ya san daga ina ake arowa, ko me aka aro.

Washegari na zo da tsintsiya biyu. Muka kakkarya tsinkaye, muka ɗaure su goma-goma da roba. Ɗauri huɗu da tsinke biyu, ka ba ni 17. Wata yarinya mai shiru-shiru ta duba, ta duba, sai ta ce da Hausa, "Anti, sai dai a kwance ɗauri ɗaya." Na ce kwance. Ta kwance, tsinkaye suka zama 12 a hannunta, ta ƙirga ta ba ni, ta ce saura 25. Wannan kwancewar ita ce aron da aka yi ta rera musu. Makarantar tana da dokar hana Hausa a aji, har tara ake ci. Na je na sami Hajiya na ce, "Ranki ya daɗe, ki bar ni in fara da Hausa in ƙarasa da Turanci, in sakamako bai canza ba a ƙarshen zango ki hana ni." Ta yi jim, domin iyaye Turanci suke biya wa kuɗi, kuma ban ga laifinsu ba, da shi ake jarrabawa, da shi ake neman aiki. Ta yarda. A wancan lokacin manufar ilimi ta Nijeriya ma ta daɗe tana cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa a shekarun farko na firamare, Nijar kuwa tun 1973 ta buɗe makarantar gwaji da Hausa a Damagaram. A ƙasashen biyu an san gaskiyar, aikata ta ne ke wuya.

Kimiyya kuma wata maƙwabciyata ce ta buɗe mini ido, malama ce a firamaren gwamnati. Ta halarci horon SMASE, shirin ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya da aka fara a Nijeriya a 2006 da tallafin hukumar JICA ta Japan, kuma Kaduna na cikin jihohi uku na farko tare da Neja da Filato. Ta zaunar da ni a kan tabarma ta warware mini abin da suke kira ASEI: darasi ya zama aiki ne da hannu, ɗalibi ne a tsakiyarsa, a yi gwaji, in babu kayan ɗakin gwaji a ƙirƙira da abin da ke kusa. Sai PDSI, wato ka tsara, ka aikata, ka duba abin da ya faru, ka gyara. Ta ce, "Yaya, ba sabon abu ba ne, abin da kika yi da tsintsiya ne aka ba shi suna." Ta kuma faɗa mini gaskiya cewa da yawa sukan dawo daga bita su rufe takardun a akwati su ci gaba da kwafe not a allo, saboda aji ya cika maƙil kuma ba mai zuwa ya ga darasinka ya ba ka shawara.

Na ɗauki ƙarfin gwiwa na shirya gwajin da na tabbata ba zai ba ni kunya ba. Tukunya cikin tukunya, dabarar da wani malami ɗan Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar yana bin iska, kuma duk ruwan da zai bi iska sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi, cikin ƙaramar ya yi sanyi. Na girma ina shan ruwan randa mai sanyin da ke kama haƙori. Na yi wa yara alkawarin za su ga abin mamaki. Muka zuba tumatir, muka sa ma'aunin zafi da na aro a wani kemis. Bayan awa uku, waje digiri 28, cikin tukunya 27. Yara suka zuba mini ido.

Ƙarshen watan Yuli ne, dab da hutu, sama ta yi baƙi ƙirin. Na manta ba a Damagaram nake ba. Can ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 ba, nan yana haura 1,000, kuma iskar damina ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta da wurin karɓar wani ruwan. Da a da ne, da na ce su rubuta cewa tukunya tana sanyaya abu, mu wuce. Sai na ce, "Bai yi ba. Wa zai gaya mini dalili?" Aka yi ta harbo amsa. Wani ya ce tukunyar ce ba ta da kyau, wata ta ce yashin Kogin Kaduna ne ba ya yi. Can wani yaro da uwarsa ke wanki da guga ya ce, "Anti, yanzu ko shanya ba ta bushewa, kwana biyu kayan mutane na kan igiya." Na ji tsigar jikina ta tashi. Muka buɗe littafi guda, muka ja layi, muka riƙa auna tukunyar duk ranar Laraba bayan an dawo hutu. Da hunturu ya shigo tazarar ta fara buɗewa, a watan Maris waje 37, ciki 26. Su da kansu suka zana jadawalin, su suka faɗi ƙa'idar da Hausa kafin in ba su sunanta na Turanci.

Ina cikin wannan fafutuka aka yi jarrabawar gwajin malaman firamare ta 2017 a jihar, inda gwamnati ta ce 21,780 daga cikin kimanin 33,000 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba a tambayoyin aji huɗu, aka sallame su. Unguwarmu ta girgiza, kusan kowane layi akwai gidan da abin ya shafa. Ban yarda a bar wanda bai iya rabawa ba ya koyar da rabawa. Amma na san da a shekarata ta farko aka ba ni takardar nan da Turanci, da na faɗi warwas, alhali na iya aikina. Kuma wanda ya ci maki ɗari ma, takarda ba ta nuna ko ya san abin da zai yi idan yara ashirin suka ɗaga masa 35. Wannan a cikin aji ake koyonsa, wani na kallonka, kai ma kana kallon wani.

Shi ya sa mu shida, daga makarantu huɗu, muke haɗuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata a zauren maƙwabciyata. Ɗaya ta koyar da darasi, sauran mu zama yara, mu yi kuskuren da muka san za su yi, sannan mu tattauna. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, na yi watanni ban ga mahaifiyata ba, har wutar da Nijeriya ke ba Nijar aka yanke. A kwanakin nan ne wata tsohuwar abokiyar aikina ta turo mini saƙon murya ta WhatsApp daga Mirriya, tana tambayar yadda zan koyar da darasin lantarki ga yaran da ke zaune a duhu. Na ɗauki bidiyon abin da muka haɗa a zaure da batir biyu, ƙwan tocila da wayar da na tsinto a Panteka, na tura mata. Bayan sati ta maido da hoton yaranta sun kewaye ƙwan yana ci a ƙarƙashin rumfar zana, ta kuma ce ta ƙara da abin da ba mu yi ba: ta ba su cokali, kara, ƙusa da takalmin roba su gwada wanne ne wuta ke bi. Asabar mai zuwa darasinta za mu yi, na riga na ce kowa ta zo da cokalinta.